Ranar da Tsohon Springfield Ya Yi Magana

Jama'a, wannan ba a bakin wani na ji ba, wallahi da ni ya faru, shekarun baya ina aikin kula da tsofaffi a Springfield, can Amurka. Kullum daga Hyattsville nake tuƙo mota zuwa gidan wani tsohon Bature, wanda 'yarsa ta ce hasashen yanayi ya yi duk rayuwarsa, kafin shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa magana. Wata takwas ina masa wanka ina ba shi abinci a baki, ko uffan ban taɓa ji ya ce ba.

To, cikin watan Agusta ne, matata Rabi da yaranmu suna shirin bin maƙwabta hutu wani tsibiri a gaɓar Carolina, saura mako biyu. Wata rana da azahar na kunna masa tashar yanayi a talabijin, ana nuna wani tarin hadari da ya baro Afirka ya hau teku, mai bayanin yana cewa da wuya ya zama guguwa, busasshiyar iska za ta watsa shi.

Ina goge masa baki sai ya damƙe hannuna, da hannun nan da ya shanye fa, tafinsa jiƙe sharkaf, sanyi ƙalau, ɗakin kuma ya gauraye da ƙarnin teku. Ya dube ni ya ce, da Hausa tsantsa irin ta tsofaffin ƙauyenmu, "Ƙarya suke, ɗan nan, guguwar nan ta riga ta buɗe ido. Kada Rabi ta je bakin ruwa."

Innalillahi! Ni ban taɓa ambatar sunanta a gidan ba. Kafin ya sake ni ya ƙara da cewa, "Akwai wata a bayanta. Ita taka ce."

Da na koma gida na hana tafiyar. Rabi ta ce, "Haba Baban Amira, masu na'ura sun ce ba komai, sai mu bi maganar wanda ba ya magana?" Kwana uku tana fushi da ni.

Sai hadarin nan ya yi ta haɗuwa yana juyi har ya zama guguwa aka sa masa suna, aka ce zai karkata ya bi tsakiyar teku. Maƙwabta suka tafi. Bai karkata ba, sai da ya afka wa tsibirin. Da kayan jikinsu kawai suka tsira, ɗakin da aka ware wa yarana kuwa rufinsa ya rufta.

Na tambayi 'yar tsohon inda ya koyi Hausa, ta rantse bai taɓa taka Afirka ba. Kafin sanyi ya shigo ya rasu, bai sake cewa komai ba.

Ta farko ta zo ta wuce, ta biyun nake jira. Duk shekara in aka nuna hadari ya baro Afirka, sai in ji wuyan hannuna ya yi sanyi. Ku dai ku saurari masu hasashe, amma in gargaɗi ya zo muku ta inda ba ku zata ba, don Allah kada ku tsaya gardama.