Ranar da aka kashe gobarar da babu ita

Har gobe ban manta da ranar da muka fara kunna na'urar feshin ruwa a gidan abincin Hajiya Rabi da ke Zongo ba. Lokacin ni ne shugaban masu kai abinci, wato ni ke tsara tebura da raba wa ma'aikata aiki. Ku da kuka zo aiki daga baya kun tarar da teras ɗinmu, wato rumfar waje, da sanyi, ba ku san yadda muka sha fama da shi ba.

Watan Maris ne, zafin birnin Kwatano ya kai inda ya kai. Da azahar babu mai iya zama a ƙarƙashin rumfar waje, sai mutum ya sayi abincinsa a leda ya gudu. Hajiya ta ga ciniki na zubewa, ta kira wani mai haɗa na'urori daga garin Godomey da ke kusa, sunansa Kofi. Tsarin ba wuya. Ruwa na fitowa daga tanki, ya bi ta matata, famfo ya tura shi da ƙarfi cikin siririn tiyo da aka zagaye rumfa da shi. A jikin tiyon akwai ƙananan bakuna da ke fesa ruwan ya fito fari kamar hayaƙi. Kofi ya ce tunda muna kusa da teku, iskar garin da danshinta, dole a haɗa da fanka, in ba haka ba jiƙa mutane zai yi maimakon sanyaya su.

Ranar Asabar ɗin da aka gama haɗawa muna da babban aiki. Alhaji Yusufu, shugaban wata ƙungiyar 'yan kasuwa, ya kama wurin don walimar rana. Mai gashinmu, Ɗan Tawa, ya ɗora rago guda a kan wuta a gefen rumfa tun da hantsi. Hajiya ta ce da ni, "Salisu, kunna mu gani kafin baƙi su iso."

Na danna maɓalli. Farin abu ya turnuƙe rumfa, fanka ta kwashe shi ta tsallakar da shi katanga zuwa titi, ga kuma ƙaurin nama na biye da shi. Muna cikin tafi sai muka ji ihu daga waje: "Gobara! Gobara a gidan Hajiya!"

Baba Idi ne, telan da ke maƙwabtaka da mu. Kafin mu buɗe baki ya faɗo da bokiti, bayansa 'yan zemijan, wato masu acaɓan bakin layi, kowa da abin da hannunsa ya samu. Wuta ɗaya suka gani a gidan, ta Ɗan Tawa. Suka juye mata ruwa gaba ɗaya.

Rago ya jiƙe sharkaf, toka ta manne masa, gawayi ya mutu. Ɗan Tawa ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Feshi kuwa na ta sauka a kanmu. Baba Idi ya ɗaga kai ya dubi tiyon, ya miƙa hannu ya ji sanyi, ya ce, "Hajiya, wannan wane irin hayaƙi ne mai sanyi?"

Na zaci za ta yi faɗa, don baƙi na hanya kuma sunan gidan ne a kan gaba. Sai ta fashe da dariya har da hawaye. Ta ce, "Baba, Allah ya saka da alheri. Kun kashe wuta, saura ku tayar da ita."

Ba su yi musu ba. Baba Idi ya aika gidansa aka kawo murhun gawayi, 'yan zemijan suka bazu cikin unguwa suka aro wasu. Muka wanke naman tas, Ɗan Tawa ya yanyanka shi, ya sake barbaɗa yaji, aka jera murahu a bakin ƙofa. Tela na fifita, mai babur na juya tsoka, Ɗan Tawa na zagayawa yana ba da umarni kamar kwamanda.

Da Alhaji Yusufu ya iso da mutanensa, na zaunar da su a ƙarƙashin rumfa. Ya cire hula, ya lumshe ido, ya ce, "Salisu, yau a Kwatano muke kuwa?" Sai ya tambayi dalilin da ya sa tela ke gashi. Na ba shi labari. Ya yi dariya har ya ƙware, sannan ya ce ba zai ci ba sai an ƙaro kujeru wa masu kashe gobara. Aka ci tare, ba wanda ya tashi sai da aka kira la'asar.

Abin da na ɗauka daga ranar shi ne, a sana'ar abinci ba ka kawo sabon abu maƙwabcinka bai sani ba. Shi ya sa duk na'urar da za mu kunna yanzu, sai na leƙa na gaya wa na kusa. Kuma kada ku raina mai shigo muku da bokiti ko da ya yi ɓarna. Wanda ya ji an ce wuta ya rugo ciki maimakon ya gudu, shi ne naku.