Injiniya da Tsohuwar Na'urarsa

Duk layin Injiniya ake ce masa, ko da yake bai taɓa gina ko kwalbati ba. Aikinsa a gidan rediyo haɗa sauti ne. In ana wasan kwaikwayo aka buƙaci guguwa, ko kukan ƙofa a kangon gida, ko muryar wani abin tsoro daga ƙasan rijiya, shi ake nema. Da kwamfuta ta zo aka yi masa ritaya, aka kuma jibge tsohuwar na'urar haɗa sautin a bakin sito za a zubar. Ya roƙa aka ba shi. Rana ɗaya suka bar wurin, a bayan mota ɗaya.

Na'urar kamar fiyano take, sai dai samanta cike yake da maɓallan murɗawa da ramukan waya, katakon gefenta duk ya kwarzane. Ba ta ajiye komai a kanta. In ka dace da sautin da ya yi maka, naka ne muddin ba ka taɓa wani maɓalli ba. Ga ta da nawa, sai ta ɗumama muryarta ke daidaita, shi ya sa yake kunna ta kafin ya ɗora ruwan zafi.

Yanzu da ba mai ba shi umarni, ya bar kwaikwayon iska da ruwa. Sautin da babu shi a duniya yake nema. Sai ya wuni a ɗakinsa na saman bene, ya zare wannan waya ya soke a can, ya murɗa kaɗan, ya karkata kai, har wani gurnani mai taushi ya fito yana numfashi kamar mai barci.

Abu ɗaya yake so, kuma ba wani babba ba ne: mutum guda ya zauna ya saurara har ƙarshe. Tun rasuwar matarsa bai samu ba. Ita ma ba ganewa take yi ba, tana ninke kaya tana cewa, "Wannan kuma kukan wace dabba ce?" Amma tana zama.

Ya gayyato telan da ke ƙasan benen. Bawan Allah bai gama ɗumama kujera ba ya tuna wai ya bar dutsen guga a wuta. Wani tsohon abokin aikinsa ya zo, ya dafe goshi, ya ce ciwon kai ne ya taso masa. Injiniya ya yanke hukunci cewa mutanen yanzu ba su da kunne. Da alfahari yake faɗa, amma abin yana cinsa ƙwarai. Ya daina gayyatar kowa, gaisuwar telan ma sama-sama yake amsawa.

Wata rana autarsa ta zo dubo shi daga garin da take aiki. Bayan sun ci abinci ya ce, "Auta, zo ki ji wani abu." Ya ƙara wa na'urar murya, ya danna. Nan take ta toshe kunnuwa.

"Baba, kashe fiton nan, don Allah!"

"Wane fito?"

"Wannan siririn mai huda kai. Ba ka ji ba?"

Ya saurara. Gurnaninsa kawai yake ji, lafiya lau. Sai ya shiga rage maɓallan ɗaya bayan ɗaya yana kallonta, tana girgiza kai, har ya kai wani a can gefe wanda ƙura ta rufe. Ya daɗe da barinsa a murɗe har ƙarshe, tun ranar da ya juya shi bai ji komai ba ya ce ya lalace. Yana mayar da shi baya ta sauke hannuwa.

"Wannan ai ya mutu tuntuni," in ji shi.

"Bai mutu ba, Baba."

A kunnensa babu abin da ya canza.

"Tun yaushe?"

"Tun zuwana na bara na ji. Na ɗauka da gangan ne. Kai ne Injiniya, wa zai ce maka ka yi kuskure?"

Sai ya gane ba maɓallin ne ya lalace ba, kunnensa ne ya daina kama siririn sauti. Kunya ta kama shi, sannan wani baƙin ciki ya biyo baya. Ashe duk wanda ya shigo ɗakin nan azaba ya sha, ya kuma rufa masa asiri ya tafi. Shi kuwa yana ta jin haushinsu.

Auta ta jawo kujera ta zauna. Gobe da safe za ta koma, dukansu sun sani.

"To, sake kunnawa mu ji," ta ce.

Ya danna. Gurnanin ya taso a hankali ya cika ɗakin, ya yi ta hawa yana sirancewa yadda ya tsara shi, har ya ɓace. Injiniya ya kai hannu zai kashe.

"Tsaya, Baba, da saura."

Ya janye hannun. Ya zauna cikin shirun yana kallon fuskarta, yana jira ta gaya masa in ya ƙare.