Tsohon da Ya Hana Yayana Kwalekwale Mai Baki Ɗaya

Kun gan shi. Kada wani ya ce mini bai taɓa ganinsa ba. Duk mai sauka gaɓar teku a garin nan sai ya bi ta gaban rumfarsa, kuma shekara talatin da ɗaya ke nan kuna bi, kuna toshe hanci saboda warin sholisho, kuna kau da kai. Kun san sunan dillalin kifi, kun san wadda ta fi iya gasa sardin a bakin hanya. Amma mutumin da ke sa masu kamo kifin su dawo gida da ƙafafunsu, "mai faci" kawai kuke ce masa, wasu kuma "Mai Wuƙa", suna faɗa suna tsaki. Ni ma ban tsira ba. Bara, da muka kafa ƙungiyar share gaɓa, da hannuna na rubuta rumfarsa cikin abubuwan da ke ɓata wa gari fuska. Yau ga ni ina rubuta sunansa a wata takarda dabam. Sunansa Ba Bushu'aib, wato Baba Bushu'aib. Ranar Talatar da ta wuce yayana Larbi ya dawo daga teku da ransa, kuma bayan ikon Allah wannan tsohon ne sanadi.

Da an idar da sallar asuba yake buɗe rumfa. Ya cika rabin durom da ruwa, ya kankare sabulun wanki a gwangwani ya dama har ya yi kumfa, ya ɗora shayi, ya tsoma burodi a man zaitun, ya zauna jiran masunta. Kun san da abin da talakanmu ke shiga teku: tuf ɗin tayar babbar mota, a hura shi, a ɗaura raga a tsakiya, mutum ya zauna ciki da fatsarsa. Wanda ya ɗan samu ya sayi kwalekwalen roba mai bututun iska biyu, dama da hagu, da kujera a tsakani. Ko wanne ne, iska ce kaɗai tsakanin mutum da ƙasan teku.

Ba Bushu'aib ba ya duba roba a inuwa. In an kawo masa, sai ya hura ta ya jefa kan yashi, ta sha rana har azahar, sannan ya shafe ta da kumfa yana bin kowane layin haɗi da kuncinsa, yana jiran iska ta taɓa shi. Da safe kuwa yakan tsaya a kan hanyar sauka ya danna kowane tuf da babban yatsa. Masunta na son su hura shi ya yi tauri kamar ganga, suna ganin haka ne ƙarfi. Shi kuwa sai ya buɗe bawul ya rage, mai kaya na zaginsa, don ya san iskar sanyin safiya kumbura take in rana ta take, kuma robar da aka cika fam ba ta da inda za ta kai ƙarin sai ta fashe.

Sai kuma wuƙar. In ya ga roba ta mutu, ta tsattsage, ba ya mayar wa mai ita. A gabansa yake tsaga ta gida biyu. Si Mbarak, wanda ya fi kowa daɗewa a sana'ar kamun kifi a gaɓar nan, shi ya gaya mini mafarin abin. A shekarun farko Ba Bushu'aib ya taɓa mayar wa wani tuf ɗinsa, ya ce kada ya ƙara shiga ruwa da shi. Mutumin ya ji magana, bai shiga ba, sai ya sayar wa wani baƙo. An tsinci tuf ɗin a kan duwatsu, ba a tsinci baƙon ba. Tun daga ranar ya wasa wuƙa ya rataye a ƙusa.

Wata biyu da suka wuce wuƙar ta faɗa kan Larbi. Ina wurin, na kai masa abincin rana. Tuf ɗin da ya shekara tara yana ci da iyalinsa da shi, kafin ya rufe baki ya zama igiyoyi biyu a ƙasa.

"Ba! Faci na ce ka yi mini, ba fiɗa ba!"

"Na goma sha huɗu ke nan," in ji tsohon, yana goge wuƙa a wando. "Wannan ai ba tuf ba ne kuma, faci ne aka liƙa wa ɗan tuf."

"To yarana me za su ci? Kai za ka ciyar da su?"

"Abin da za su ci in ka nutse, shi za su ci wannan makon. Amma wannan makon zai ƙare."

Larbi ya faɗi maganganun da ba zan rubuta ba. Kwana goma sha biyu bai gaishe shi ba. Matarsa Hadda ce ta cire awarwaron azurfar aurenta ta ajiye masa a kan tire, ta ce ya je kasuwar Lahadi ya sayi kwalekwale irin na mutane, ta gaji da kallon mijinta cikin taya.

Na raka shi. Mun tarar da wani mai kaya ya baje a ƙarƙashin laima, ga wani kwalekwale shuɗi sabo fil yana ƙyalli, Larbi na ganinsa ya tsaya cak.

"Ka iya kallo, ɗan'uwa," in ji mai kayan. "Bakinsa ɗaya. Ka sa famfo sau ɗaya, bututun biyu su cika tare. Kana tsakiyar ruwa maƙwabcinka na can yana gumin buga famfo."

Muna cikin haka sai ga Ba Bushu'aib ya sauko daga bayan motar kifi, jallabiyarsa duk tabon sholisho. Ya rufe rumfa ranar kasuwa guda, ya biyo mutumin da ya zage shi.

"Wa ya kira ka?" in ji Larbi.

"Matarka. Ita ce mai hankalin gidan."

Ya sa aka hura shuɗin, ya zagaya shi sau ɗaya, ya miƙa hannu ya buɗe bawul. Dama da hagu suka kwanta tare.

"Ka gani? Biyu ne a ido, a ciki ɗaya ne."

"Haba Alhaji," in ji mai kayan, "wane mahaukaci ne zai buɗe bawul a tsakiyar teku?"

"Ƙugiya. Ƙayar kifi. Bakin dutse. Kuma ba sa sallama."

Ni ma na sa baki. Na karanta takardar da ke manne a jikin shuɗin, na ce an rubuta yana ɗaukar mutum biyu da kayansu. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Malama Na'ima, karanta ƙasa-ƙasa. An rubuta mutum nawa yake ɗauka in ya huje?"

Ba a rubuta ba. Na saki takardar.

Can ƙarƙashin kaya ya jawo wani toka-toka, na hannu, da faci a hancinsa, amma kowane bututu da bakinsa. Ya hura shi, ya ja shi cikin rana, ya sace iskar hagu gaba ɗaya, ya hau kan na dama ya zauna, ya aika a kawo masa shayi.

"Kwana za ka yi a kai?" in ji mai kayan.

"Zuwa azahar dai. In ya ɗauke ni, zai ɗauki wannan jakin." Ya nuna Larbi da kofi.

Da shi muka koma gida, Larbi na kumbure-kumbure. A gaɓa aka raɗa wa kwalekwalen suna Tsohuwa. Kullum safiya sai Si Mbarak ya ɗaga murya: "Larbi, yaya kakarka ta kwana? A dai riƙa tafiya da ita a hankali!"

Ranar Talata teku ta wayi gari lafiya lau. Larbi ya cika Tsohuwa da iska har tana ƙara, Ba Bushu'aib ya tare shi a hanya ya danna ya rage, suka yi 'yar cacar bakin da suka saba. Ya wuce bayan Farin Dutse, inda manyan kifi suke. Wajen hantsi ya kama wani babba, yana ƙoƙarin ɗago shi da ƙugiyar hannu kifin ya fizge, ƙugiyar ta zame ta keta bututun hagu tsawon tafin hannu. Wayarsa ta bi ruwa. Kafin azahar iska ta taso daga tudu tana tura komai cikin teku. Kowa ya dawo, ban da shi.

Muka hau kan gangare, ni da Hadda da mahaifiyarmu Lalla Rkiya. Ba zan iya gaya muku yadda awannin nan suka wuce ba. Hadda ba ta yi kuka ba, tana ta murza wuyan hannunta inda awarwaron yake a da. Da tsohon ya hau ya iske mu, mahaifiyarmu ta juya kansa.

"Kai ka zaɓa masa! Kai ka hana shi sabo!"

"Ni ne, Lalla Rkiya," ya ce. Sai ya ƙwala wa masu jirgin injin da ke shirin fita nema kira: "Ku yi kudu! Kada ku nemi kwalekwale, ku nemi rabinsa! A karkace zai zo!"

Haka kuwa suka same shi bayan la'asar, can kudu. Ya naɗe mataccen ɓangaren ya danne a ƙarƙashinsa, ya hau bututun dama kamar mai hawan jaki, yana tuƙi da filafili ɗaya, leɓɓansa sun tsage. Awa biyar wannan bututun yana cikin zafin rana da nauyin ƙato a kansa, bai saki ba. Da shuɗin ne, da yanzu zaman makoki muke. Da an bar shi cike fam yadda Larbi ya hura shi, Allah kaɗai ya sani.

Da jirgin ya iso, mahaifiyarmu ta zauna daɓas a kan jiƙaƙƙen yashi tana hamdala. Hadda ta shiga ruwa har gwiwa da tufafinta. Aka sauko da Larbi, kuma wallahi kifin na ɗaure a ƙugunsa, bai sake shi ba. Ya ratsa mutane yana tangaɗi har gaban tsohon, ya kama kansa ya sumbata.

"Ba," ya ce da dasasshiyar murya, "Tsohuwa na son faci."

"Kawo in gani. In ba ta yi ba in yanka."

Gaɓa ta ɗauki dariya, irin dariyar da ke zuwa da hawaye. Har Si Mbarak yana share ido yana cewa daga yau shi ma kakar tasa ce.

Ba Bushu'aib, kai ne wanda ya yarda a ƙi shi don a rayu. Kai ne ka sha zagin maza a gaban jama'a shekara da shekaru, ba ka taɓa cewa to shi ke nan, je ka, ranka ne. Mai Wuƙa suka kira ka don su ɓata ka, ni kuwa yau na kira ka da shi ina alfahari. Ba wanda zai iya nuna mutanen da ka ceta, don suna nan cikinmu suna shan shayi, yawancinsu ba su ma san an cece su ba. Na nemi a rushe rumfarka ban taɓa tambayar me ake yi a cikinta ba. Ka yafe mini. A madadin Hadda da yaranta uku da mahaifiyata, na gode. Allah Ya saka maka, Ya sa ka gama lafiya.

Yanzu ga abin da ba ku sani ba, don ba ku tambaya ba. Ƙarshen watan nan zai rufe rumfa, ya koma wurin 'yarsa a Settat, inda babu teku. Ciwon yanar ido ya fara rufe masa gani. Ya gaya mini watan jiya wata ƙaramar kumfa ta wuce shi, kuncinsa ne ya kama ta. Ya ce ranar da zai ce wa mutum "shiga" alhali bai gani ba, gara a ce ba ya nan. Kwana goma sha tara suka rage. Bayan su, mai laima zai ci gaba da sayar da mai baki ɗaya, matattun tuf za su riƙa yawo daga hannu zuwa hannu, mu kuma mu ce ƙaddara ce, kamar yadda muka saba cewa duk lokacin da muka ƙi yin abin da ke gabanmu.

Ya ce mutum biyu yake so ya koya wa, manya, masunta, waɗanda za su iya kallon idon abokinsu su yanka. Larbi ya riga ya zauna. Tun ranar Laraba yana can da gwangwanin sabulu, ana ce masa jaki yana cewa na'am. Saura ɗaya.

Don haka kada ku karanta wannan ku ce Allah sarki ku juya shafi. Masunci, gobe da safe ka ɗauko abin da kake shiga ruwa da shi ka jefa a kan yashin gaban rumfar, in an yanka ka yi godiya. Matar masunci, ki ƙirga bakunan kwalekwalen mijinki yau, in ɗaya ne ki ɓoye filafilin. Ranar Juma'a bayan an sauko ƙungiyar masunta za ta zauna, za mu nemi a sa doka kada roba ta ƙara taɓa ruwa sai an gwada ta a rana, ku zo ku ɗaga hannu. Kai kuma da ka san kana da zuciyar da za ta jure zagi, wuƙar na nan rataye a ƙusarta. Je ka ce masa ya koya maka riƙe ta tun idonsa na gani.