Cokalin Yaya Sani a Riyad

Jos zuwa Kano

Tun kafin kiran assalatu na shiga mota a tashar Jos, ɗauke da kilishi da yajin da Inna ta ɗaura wa Yaya Sani, babban wana da zan ziyarta a Riyad. A shingen Saminaka wani ɗan sanda ya shinshina jakata, ya ce, "Oga, wannan kaya ai sai an ɗanɗana." Na gutsura masa, muka wuce. Da la'asar jirgi ya tashi daga Kano, muka sauya wani a Alƙahira, gari na wayewa muka sauka Riyad.

Ulaisha

Yaya ya tare ni da kansa, ya kai ni unguwar Ulaisha, ɗakin da yake kwana da wasu direbobi biyu 'yan Sakkwato. Shagon lemo yake wa aiki. Kafin ya zo nan ya daɗe yana haɗa giya a wani otal a Legas, har ranar da ya ajiye aikin ya ce ya gama. Abu ɗaya ya taho da shi: wani dogon cokali mai murɗaɗɗiyar ƙota.

Bayan mun ci kabsa, wato shinkafa da kaza, ya ɗauko tambulan. Ya ce akwai haɗin da Turawa ke kira Old Fashioned. A Amurka aka fara shi: wuski, sukari, ɗigon ɗaci da ɗan ruwa. Da masu haɗawa suka cika ƙare-ƙare, sai tsofaffin mashaya suka ce a yi musu irin na da, sunan ya bi shi.

Nasa ba wuski a ciki. Ya murƙushe sukari da ɗacin da ya dafa da kanumfari, ya zuba baƙin shayi mai kauri, ya sa ƙanƙara guda babba, ya juya a hankali. Sannan ya murɗa ɓawon lemo a bakin tambulan.

"Ba a girgiza shi, ɗan rediyo," in ji shi, da laƙabin da yake kirana. "Lallaɓa shi ake yi."

A nan ya gaya mini damuwarsa. Kafilinsa, Balaraben da iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, ke hannunsa, ya ji labarin Legas, yana so ya haɗa wa baƙinsa na ainihi, mai wuski, ranar Juma'a.

"In ka ƙi fa, Yaya?"

"Huruj. Ya sallame ni gida, ba dawowa."

Al-Shifa

Ranar Juma'a bayan la'asar muka ɗauki tasi zuwa unguwar Al-Shifa a kudancin gari, inda kafilin ke da gidan shaƙatawa mai doguwar katanga. Direban, ɗan Pakistan, ya ɓata sau biyu. Mun tarar da baƙi huɗu a kan darduma.

Yaya ya haɗa musu na shayi. Wani dattijo ya kurɓa, ya ce, "Masha Allah," ya miƙo tambulan a ƙara masa. Sai kafilin ya jawo kwalbar wuski daga bayan matashi, ya dire ta gaban Yaya.

"Yalla, ya Sani. Yanzu na gaske."

"Wanda na ba ku shi ne nake yi."

"Ba wanda zai sani. Mafi mushkila, ba matsala."

"Ni zan sani. Kuma in hukuma ta buɗe ƙofar nan, kai ɗan ƙasa ne. Ni za a fara ɗaurewa."

Kafilin ya daina murmushi. "Ka manta wa ke riƙe da iƙamarka?"

Yaya ya goge cokalinsa da gefen riga, ya sa a aljihu. "Iƙamar taka ce, ya shaikh. Cokalin nawa ne. Tashi, ɗan rediyo."

Ba tasi a unguwar. Muka taka har babban titi cikin zafi, yana tafe yana cin kilishin Inna.

Gida

Kafin kwanakin ziyarata su cika, takardar sallama ta fito. Direbobin Sakkwato suka raka mu filin jirgi, ɗayansu yana cewa, "Sani, taurin kai zai kashe ka." Yaya ya ce, "To, a Jos zai kashe ni."

Mun isa gida ana kiran magariba. Inna ta leƙo zaure, ta ga mutum biyu maimakon ɗaya, ta ce, "Lafiya?"

"Lafiya lau, Inna," in ji Yaya. "A ɗora mana shayi, a samo lemo."

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ni kaɗai, ya dawo da mu tare.