Ƙauyen Aro

Akwai wani ƙamus na Faransanci a kan kantar ɗakina, jan bango gare shi, gara ta cinye masa shafukan farko. In ka buɗe shi, warin tsohuwar takarda da na tawadar makaranta ne zai fara dukan hancinka. Sau uku muna tashi daga gida zuwa gida, sau uku uwargida tana tambaya ko a bar shi, ni kuma ina cewa a sa shi a kwali. Kada ka ɗauka sonsa nake yi. Haushinsa nake ji, kuma haushin nan ya kusa shekara hamsin bai huce ba. Kyauta ce na ci a gasar rubutu, ina ajin ƙarshe na firamare a Garwa.

Zamanin shugaban ƙasa na farko ne, wanda hotonsa ke rataye saman allo a kowane aji. Malamin ajinmu, da muke kira metir, mutumin kudu ne, dogo, mai tsabta, ba ya jin Hausa ba ya jin Fulatanci, kuma zafin Garwa ya hana shi sakewa. Ba mugu ba ne. Laifinsa ɗaya, a ganinsa duk ɗan Adam yana da ƙauye. Shi yana da nasa, da gonar koko da kabarin kakanni, saboda haka kowa ma yana da nasa. Duk ranar rubutun zube sai ya juya ya rubuta a allo: ku bayyana ƙauyenku. Ko hutu a ƙauyenku. Ko ranar kasuwa a ƙauyenku.

To ni ina zan samo ƙauye? A Garwa aka haife ni, a Garwa aka haifi mahaifina, mahauci ne a babbar kasuwa. Karon farko na rubuta abin da na sani: unguwarmu, kwata da sassafe, ungulaye jere a kan katanga suna jiran a watsar da tumbi, da yadda ake wanke hanji a bakin Binuwai. Har na ji daɗin kaina. Takardar ta dawo da jan layi daga sama har ƙasa da kalmomi biyu, hors sujet, wato ba abin da aka tambaye ka ke nan ba. Tun daga ranar kalmomin nan biyu suka zame mini dodo.

Da bazara ta kankama, lokacin da ko kare ba ya fita da azahar, aka sanar da gasa tsakanin makarantun gari. Wanda ya zo na ɗaya zai karanta rubutunsa a gaban iyaye ranar rabon kyaututtuka. Aka ba mu batun tun saura mako guda, don mu shirya: ƙauyen kakannina. Na dawo gida na zauna a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu da littafi a cinya. Kwana biyu ban rubuta komai ba sai kan magana, na ja masa layi, na sake ja masa wani. Na cinye gindin alƙalami da tauna.

Kakana na wajen uba yana zaune a buzunsa yana kallona. Sunansa aka sa mini, don haka takwara yake ce mini, kuma tsokanata ita ce sana'ar da ta rage masa. Idonsa ya fara rauni, amma bai kai ga rashin ganin malalaci ba.

"Takwara, alƙalamin ne ba a yi masa kaciya ba, ko mai shi ne rago?"

Na gaya masa matsalar cikin fushi, na ce mu ba mu da ƙauye. Ya gyara zama.

"Wa ya ce? Na manomi ne ke zaune wuri ɗaya. Namu tafiya yake yi."

Fataucin shanu ya yi tun yana saurayi, da ƙafa. Ya sa na kawo masa ƙwallayen dabino daga cikin tasa, ya share ƙasa da tafin hannu, ya ja dogon layi da sandarsa. Ya ajiye ƙwallo na farko ya ce nan Mayo-Oulo, inda ake sayen shanun da suka tsallako iyaka. Daga nan kowane zango ƙwallo ɗaya, har goma sha huɗu, na ƙarshe Ngaoundéré.

Yammaci huɗu muka yi, daga la'asar zuwa kiran magariba. Ban taɓa jin rubutu ya zo mini da sauƙi haka ba, hannuna har ciwo yake yi. Ya ba ni labarin ƙetare Binuwai kafin a yi gada, yadda ake fara tura tsohuwar saniya mai hankali sauran su bi ta, da dorinar da ta taɓa raba musu garke biyu. Ya gaya mini zangon da ruwansa ke sa shanu zawo, da wanda matan Fulani ke kawo kindirmo su ƙi karɓar komai sai gishiri. Ya ba ni labarin ratsewar da suke yi ta Tcholliré su ƙara sayen shanu, da hawan dutsen nan na kafin Ngaoundéré inda kofato ke tsagewa, inda ya taɓa ɗaukar ɗan maraƙi a wuya tun hantsi har azahar. A zango na tara ya daɗe yana juya ƙwallon. Nan ƙanensa ya rasu da zazzaɓi, suka binne shi gindin wata tsamiya, suka kora shanu suka wuce don ba a kwana biyu a wurin.

"Wannan ka rubuta shi da kyau," in ji shi. "Ba wanda ya san wurin yanzu sai ni."

Kafin mako ya ƙare duk majalisar ƙofar masallaci ta san takwaransa zai karanta hanyar shanu da bakin Nasara a gaban manya. Ban ci gasar ba tukuna, amma shi ya riga ya ci.

Ana gobe gasa na kai wa metir abin da na rubuta. Ya karanta a tsaye, ya zauna ya sake karantawa. Ya ce bai taɓa ganin na yi rubutu mai kyau haka ba. Sannan ya ce ina bukkoki, ina gonaki, ina mai gari? Wannan tafiya ce, ba ƙauye ba. Alƙalan gasa ba su san ni ba, layi ɗaya za su ja su wuce. Ya faɗi kalmomin nan biyu a hankali, kamar mai ba da haƙuri.

Na fito raina a ɓace, na bi ta kasuwa. Kusa da rumfar mahaifina akwai wata dattijuwa mai sayar da gyaɗa da wake, Kirista ce daga duwatsun arewa, muna ce mata Inna mai gyaɗa. Ta ga fuskata ta kira ni, ta zuba mini soyayyiya a hannu. Ban san lokacin da na tambaye ta ko tana da ƙauye ba. Ta yi dariya har da tafa hannu. Cikin rabin awa, tana auna wa masu saye tana magana, ta ba ni duk abin da metir yake nema: ɗakuna masu tsinin kai a manne da dutse, rumbuna kamar tuluna, gonakin dawa hawa-hawa, mata na hawa da ruwa a ka.

"Ɗana, ka ce duwatsun gonar nan da hannu muka jera su, ba haka muka tarar ba. Kuma ka sa sunan garin, su ma su ji."

Ranar gasa aka zaunar da mu a babban zaure, awa biyu, ba a shiga da takarda. Labari biyu ne a kaina. Na tsoma alƙalami a tawada, na ɗaga, ɗigo ya faɗi a kan tebur. Ina so in ce na daɗe ina kokawa da zuciyata, amma ƙarya ne. Jan layin nan kawai na tuna. Na rubuta ƙauyen Inna na ce na kakannina ne, ban sa sunan garin ba don kada a gane. Na zo na ɗaya.

Ban gaya wa kowa a gida ba. Na ce a raina ai tsoho ba ya jin Faransanci, in na karanta zai ji sunansa, ya ji tafi, shi ke nan. Wayon yaro ke nan.

Ranar rabon kyaututtuka an yi ruwan farko da asuba, gari ya yi ƙanshin ƙasa. Kaka ya sa babbar rigarsa ta shuɗi wadda ba ta fita sai da salla, ya taho da abokansa biyu na majalisa. Aka kira sunana, wanda shi ne nasa, na ga ya ɗaga kai. Na hau na fara karatu. A tsakiyar shafi na ɗago ido, sai na hango hannunsa na dama a dunƙule, na hagu a buɗe a kan gwiwa, ya karkato kunne. Ƙwallayen ya zo da su. Ba ya jin Faransanci, amma sunan gari ba a juya shi, Tcholliré Tcholliré ce a kowane baki. Jira yake ya ji zango ya mayar da ƙwallo ɗaya hagu.

Na gama, aka yi tafi, daraktan makaranta ya miƙo mini ƙamus. Hannun hagun nan ba komai a cikinsa.

A hanyar gida abokansa suka yi gaba, da gangan ina ji. Aka bar ni da Kaka.

"Takwara, ko kunnena ne? Ban ji mun tashi daga Mayo-Oulo ba."

Na ce metir ya ce hanya ba ƙauye ba ce.

"To na wa ka ba su?"

"Na Inna mai gyaɗa."

"Nata ma ban ji sunansa ba."

Ya zuba ƙwallayen a aljihu, ya ce Allah ya sa albarka a littafin. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Tsokana ta ci gaba kamar da, amma bai ƙara share ƙasa ya ja layin nan ba, ni kuma kunya ta hana ni roƙo. Na ce ai rubutun yana nan cikin tsohon littafina. Na manta gidan mahauta nake. Da hutu ya zo, aka kwashe tsofaffin littattafanmu kamar kowace shekara aka kai tukuba, aka naɗe wa mutane tsire da su. Damina biyu bayan nan Kaka ya rasu.

Yanzu shanu a mota suke zuwa Ngaoundéré, yini ɗaya, daga can jirgin ƙasa ya ɗauke su. Yaran da ke lodinsu ba su san an taɓa yin wani abu wai shi zango ba. Na tambayi tsofaffin dillalai a kara, kasuwar shanu, kowa ya kawo suna biyu ko uku, su ma suna musu da juna.

Watan jiya 'yata ta sa ni cikin wani rukuni a waya, inda ake ba da batu kowace safiya, kowa ya rubuta shafi ɗaya har kwana talatin. Wai don in daina cewa zan yi rubutu in na yi ritaya, tunda ritayar ta zo ta same ni zaune. Na yi kwana shida lafiya. Rana ta bakwai aka ce kowa ya rubuta asalinsa, yadda ya ga dama, ba ƙa'ida. Ba ƙa'ida! Sai yanzu da ba mai ba ni labarin.

Na sayi dabino, na ci, na jera ƙwallayen a kan tebur kusa da ƙamus. Tara na iya sa wa suna, su ma ban tabbatar da jerinsu ba. 'Yan rukuni sun kai kwana na ashirin da biyu, ni ina nan a na bakwai da ƙwallo biyar a hannu, kuma a cikin biyar ɗin nan ne tsamiyar take.