Zayyana a Bangon Amarya

Da sunan Allah nake buɗe wannan labari, kamar yadda nake buɗe kowane allo.

Sana'ata zayyana ce. Idan ɗalibi ya sauke Alƙur'ani, iyayensa kan kawo mini sabon allo in ƙawata shi da zane da launi, wanda zai riƙe ranar walima. A zauren gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi nake aikin, 'yan adaidaita sahu suna ta wucewa a ƙofa, ni kuwa ina duƙe kan alƙalami.

Da aka sa ranar auren 'yata ta fari, angon ya kama ciki da falo a Tarauni, bayan kasuwa. Gida na miji ne, kayan ciki kuwa na uban yarinya. Gado da katifa Allah ya hore. Kujeru na hannu muka saya, aka sake musu riga. Labule uwarta ta ɗinka a kekenta. Abin da ya gagare mu shi ne bangon falo. Wanda ya tashi daga gidan ya bar shi da tabon hayaƙi da ramukan ƙusa, amaren yanzu kuwa takardar bango ake liƙa musu, mai furanni da ruwan zinariya. Ƙarfinmu ya ƙare kafin mu kai nan.

Maiɗakina ta damu ƙwarai, domin a dangin ango akwai wata gwaggonsa, Hajiya, wadda duk ɗakin amaryar da ta shiga sai labarinsa ya kai Hotoro kafin la'asar. Ita yarinyar kuwa na taɓa iske ta tana duba hotunan ɗakunan ƙawayenta a waya, tana jin motsina ta kife wayar. Abin ya tsaya mini a rai. Ban so ta shiga gidanta tana jin kunyar abin da ubanta ya iya yi mata ba.

Sai na karɓi makulli a hannun ango. Na cike ramukan da siminti, na shafe falon da farar ƙasa, na bar shi ya bushe. A bangon da ke kallon ƙofa na kafa ƙananan ƙusoshi, na ja zare, na fitar da babban gida mai kusurwa huɗu. Da faifai da murfin kwano na zagaye da'irori. Baƙar tawada na dafa kamar kullum, da gawayi da ƙaro. Ja da rawaya ina da su na aikin allo, shuɗi kuwa bular wanki ce na jiƙa. Alƙalamin kara ya yi wa bango ƙanƙanta, don haka na daddaka bakin asuwaki na yi aiki da shi. Ban rubuta aya ko ɗaya ba. Gidan haya ne, ban san wanda zai zo bayansu ba, ko abin da zai jingina a wurin. Zane kawai na yi: saƙar igiya a gefe, daga dama zuwa hagu yadda hannuna ya saba, tsakiya kuma dagi da taurari masu shiga juna.

Maƙwabcinsu na ɗakin gaba wani dattijo ne mutumin Filato, Kirista, malamin makaranta da ya yi ritaya. Yakan jawo kujera bakin ƙofa yana kallo, wani lokaci ya riƙe mini tsani. In an kira azahar shi yake tuna mini, ya ce in je, zai tsare ƙofa.

Ranar da mata suka je wanke ɗaki kafin jere, ina zaure aka aiko in zo maza. Na tarar da maiɗakina tsaye ta dafe ƙirji, ƙanwarta kuma riƙe da jiƙaƙƙen tsumma baƙi ƙirin. Ta goge ƙura ne a bangon, sai gefe guda na zanen ya biyo tsumman, baƙi da ja suna zubowa har ƙasa. Tun ina yaro tawada a wurina abar wankewa ce: a rubuta, a haddace, a wanke allo, a sake. Don haka ake dafa ta da ƙaro. Allon zayyana kuwa ba mai kai masa ruwa, rataye shi ake yi. Ko kusa bai zo mini a rai ba cewa bango mata na goge shi.

Ƙanwar maiɗakina, wadda dama akwai wasa tsakaninmu, ta dube ni ta ce, "Malam, ai da ka ce rubutun sha ka yi wa bangon, da mun zo da ƙwarya."

Matan suka yi dariya, ban da yayarta. Shawararsu ita ce a shafe sauran, a rufe wurin da labule, a ce ado ne. Na roƙe su su ɗaga jeren zuwa gobe. Maiɗakina ta ce idan ya sake lalacewa ba sauran lokaci, kuma ita za ta tsaya gaban Hajiya, ni ina zaure. Gaskiya ta faɗa. Duk da haka ta tattara matan suka tafi.

Dattijon nan ya ji komai. Ya shiga ɗakinsa ya fito da gwangwani, ragowar man da kafintoci ke shafa wa katako ya yi sheƙi, wanda ya rage masa da ya gyara teburinsa. Shi ma bai san ko zai yi a bango ba. Muka gwada a can ƙasa, inda kujera za ta rufe. Da ya sha iska muka yayyafa ruwa, tawada ba ta motsa ba. Na sake shafe gefen da ya ɓaci, na maido da zanen, da safe muka bi shi da man a hankali. Farin da ke cikin zanen ya koma ruwan zuma, kamar sabon allo. Ni kaina da na ja baya na duba, sai da na yi salati.

Maza ba sa zuwa ganin ɗaki, don haka abin da ya faru daga bakin maiɗakina na ji shi. Hajiya ta shiga ta taɓa katifa, ta ɗaga labule ta duba ɗinki, ta buɗe kwanuka. Sannan ta tsaya gaban bangon ta daɗe. Ta kankare shi da farce, ta duba farcen. Sai ta tambaya a wane shago aka samo wannan takarda, don ba ta ga mahaɗi ba. Maiɗakina ta ce har ta fara tunanin ko ta ce daga kasuwar Kwari ne a wuce wurin.

Amarya tana bakin gado a lulluɓe, inda ake so ta yi shiru. Daga cikin mayafi aka ji muryarta.

"Hajiya, ba takarda ba ce. Babana ne ya zana da hannunsa."

Hajiya ta sake duban bangon ta ce to, Allah ya yi wa hannun albarka, amma amaryar nan akwai baki. Mata suka sa guɗa.

Maiɗakina ta ba ni labarin tana faɗa, wai yarinyar ta ba ta kunya, amarya da magana gaban surukai. Na ce ƙwarai, a yi mata nasiha. Sannan na ce ta sake faɗa mini abin da yarinyar ta ce, yadda ta faɗe shi.