Ankon da Na Lasa a Bakin Zaure

Har yau in mata sun taru gidan suna a Gyaɗi-Gyaɗi sai an tayar da labarin rashin kunyar da na yi ranar bikina. To bari in ba da shi da bakina, tunda masu bayarwa kullum sai sun cire Babanmu daga ciki.

An sa bikina ba da daɗewa ba bayan sojoji sun koma bariki. Ko'ina murna ake, rediyo ba ta da zance sai na farar hula. Shugabanni kullum suna cikin jirgi, yau wannan ƙasa gobe waccan, wai ana lallashin masu kuɗin duniya su zo su zuba jari. Wai duniya ta zama gari guda, dole kowa ya buɗe ƙofarsa. Mu dai abin da muka ga ya shigo ta ƙofar nan atamfa ce, dila-dila.

Baba kuwa a masaka yake aiki, ɓangaren buga atamfa. Tun ina ƙarama ban taɓa ganin gefen farcensa ba shuɗi ba. A lokacin ya fara dawowa gida tun azahar, wai an rage aiki, babu masu saye. Abin da ya fi ci mini rai, zanen masakarsu ake ɗauka a kai ƙasar waje a kwaikwayo, har da rubutun bakin zani mai cewa a ƙasar nan aka yi, sannan a dawo mana da shi da araha. Sata ce tsagwaronta, amma an sa mata suna kasuwanci.

Da aka zo maganar anko, wato atamfar da mata za su ɗinka iri ɗaya ranar yini, sai na zaɓi wata ta masakar su Baba, mai koren ganye a kan ruwan ƙasa. Na kai na nuna masa. Ya daɗe yana kallonta, yana murmushi.

Gwaggo, ƙanwar Baba da ke aure a Tarauni, ita ce mai rabon anko a danginmu. Ran nan ta shigo da ƙunshi a ka, ta dire a tsakar gida.

"Ga ankonki, 'yar nan. Na samo mana mai sauƙi."

Maƙwabciyarmu tana nan tana taya Inna suyar cincin. Malamar firamare ce 'yar kudancin Kaduna, muna ce mata Mama Ticha, mijinta ma a masakar yake. Ta goge hannu, ta kama bakin atamfar ta kai harshe.

"Gwaggo, wannan ba tamu ba ce," in ji ta. "Lami ce."

Duk matar ma'aikacin masaka ta san wannan. Sabuwar atamfar su Baba in ka lasa za ka ji gishiri-gishiri, ta kwaikwayon kuwa ba ta da ɗanɗanon komai.

Gwaggo ta taɓe baki. "To sai me? Zanen ai ɗaya ne. Talaka ya samu sauƙi kuna wani iyayi. Gwamnati da kanta ta bari ta shigo, ku ne za ku hana? Wa zai bi mutane yana lasar musu zani?"

Na ce, "Ni zan bi, Gwaggo."

"Ke!" Inna ta daka mini tsawa. "Gwaggon taki?"

"Ki yi haƙuri, Inna. Amma wallahi ba za a yi guɗa a tsakar gidan Baba da zanin da ke cinye masa aiki ba. Wadda ba ta da halin saye ta zo da tsohon kayanta, ina maraba da ita. Wannan dai a'a."

Na san ana cikin matsi, ban ce kowa na da shi ba. Amma a ce Baba ya leƙo ranar auren 'yarsa ya ga gidansa cike da abin da ke mayar da shi gida tun azahar? Haba! Gwaggo ta naɗe ƙunshinta ta fita ko sallama babu. Ashe rabawa ta je ta yi, daga Tarauni har Unguwa Uku.

Ranar yini an lulluɓe ni a ɗaki, an ce in sunkuyar da kai kamar kowace amarya. Na leƙa ta taga, sai ga mata suna ta ɓullowa daga zaure, koren ganye ko'ina. Raina ya ɓaci. Na yar da mayafin, na ja hannun Mama Ticha, muka tsaya a bakin zaure. Duk wadda ta shigo mu gaisa, in kama gefen ɗankwalinta in lasa.

Tabɗijam! Gida ya ɗauki salati. Wata ta ce amarya ta haukace, wata ta ce aljanu ne. Na ce lafiyata ƙalau. Na shaida musu mai lami ta shiga ta ci shinkafa ta ƙoshi, amma ba za ta shiga hotona ba. Wasu suka yi dariya, wasu suka zage ni tas, wasu suka juya. Ko a jikina.

Can sai ga Gwaggo, fuska a murtuke. Na kama gefen nata na lasa. Gishiri.

Ta fizge abinta. "Yayana ne tun kafin ya zama ubanki, mara kunya. Matsa mini."

Da mai hoto ya zo, mu masu gishiri ko benci ɗaya ba mu cika ba. Haka aka ɗauka, sauran suna gefe suna harararmu.

Bayan la'asar aka kai ni wurin Baba ya yi mini nasiha kafin a tafi da ni. Na durƙusa ina jiran faɗa.

"An ce kin tsaya a ƙofa kina lasar kayan mutane."

"E, Baba."

"Ba kyau."

 Ya miƙo hannu ya murza gefen ɗankwalina da yatsun nan nasa masu shuɗi.

"Wannan shi ne bugu na ƙarshe da muka yi," in ji shi. "An rufe ɓangarenmu tun kafin a fara bikin nan. Ban faɗa ba ne don kada in ɓata muku."

Ashe duk fitar da yake yi da kekensa da safe, ba wurin aiki yake zuwa ba. Kukan amarcin da aka yini ana cewa ba ni da shi, nan ya zo mini gaba ɗaya. Cikin kukan na ce, "Wallahi Baba da na sani, ba hoto kawai ba, har shinkafar sai na hana su."

Ya yi dariya har sai da ya share ido da hannun riga.

Baba bai sake buga atamfa ba har ya koma ga Allah. Zanin yana nan a akwatina, wanki ya daɗe da cinye gishirin. Amma har gobe in na shiga kasuwa aka miƙo mini atamfa, sai na kai ta harshe kafin in tambayi kuɗinta. Masu shago su yi ta dariya, wai Hajiya wannan ai tsohon yayi ne, yanzu duk lami ce. Sai in ce na sani, in ajiye musu abarsu.